YADDA JADAWALIN LISSAFI KE SAUƘAƘA AIKIN NA'URAR AWON KAYAN INJI

Gabatarwa

A ƙasar Bagudo abincin mutane da yawa ya rataya ne a kan ƙananan injuna. Manomin shinkafa a fadamar Kogin Kwara yana dogara ga injin ban ruwa idan rani ya yi. Mai jirgin ruwa yana da injinsa, mai niƙa yana da nasa, ga kuma baburan da ke kai da kawowa tsakanin Bagudo, Kaoje, Illo, Lolo da Tsamiya, har zuwa cikin Jamhuriyar Benin. Idan fistin ko boris ya lalace, bakanike yakan aika kasuwa a sayo wani. Sau da yawa a wata ƙasa mai nisa aka ƙera kayan gyaran nan, a hannun mutanen da ba su taɓa ganin injin ba, amma da an sa shi sai ya zauna daram. In kuwa bai zauna daidai ba, injin zai yi ta shan mai yana hayaƙi, wata rana ya tsaya a tsakiyar rani, shinkafa ta bushe a gona.

Asirin wannan zama daram shi ne awo. A cikin wannan bayani za mu duba wata na'ura da masana'antu ke auna kayan inji da ita, da wahalar da ke cikin ba ta umarni, da kuma yadda jadawalin lissafi na kwamfuta, irin su Excel, ke rage wannan wahala. Za mu ga cewa lissafin da ke ciki bai wuce wanda ɗalibanmu ke koyo a aji ba.

Awon Kasuwa da Awon Masana'anta

A kasuwa muna awon hatsi da mudu ko tiya. Mudun wani gari yakan ɗara na wani, kuma mai awo yana iya tozo ko ya shafe. Ciniki yana tafiya duk da haka, domin 'yan ƙwayoyin gero ba sa hana tuwo. Kayan inji ba haka suke ba. Injiniya yakan rubuta a jikin zanensa girman da yake so, sa'an nan ya rubuta iyakar sassaucin da ya yarda da shi. Alal misali, yana iya cewa faɗin rami ya zama milimita 10, kada ya ɗara ko ya gaza da fiye da milimita 0.02. Domin mu gane ƙanƙantar wannan, kaurin gashin kan mutum yana wajen milimita 0.07 ne. Wato kuskuren da aka yarda da shi bai kai sulusin kaurin gashi ɗaya ba.

Ɗalibanmu na kimiyya sun san ma'aunin baniya da maikiromita. Waɗannan suna da kyau wajen auna kauri ko faɗi. Amma akwai tambayoyin da suke da wuyar amsawa da su. Shin ramuka shida da ke jikin wannan faifan ƙarfe suna daidai inda zane ya ce? Shin fuskar nan a shimfiɗe take, ko ta ɗan karkace? A nan ne ake bukatar na'urar da a masana'antu ake taƙaita sunanta da CMM, wadda za mu kira na'urar awon matsayi. Ba a garejin bakanike ake samunta ba. Gidanta shi ne masana'antun motoci, jiragen sama, famfuna da kayan asibiti.

Yadda Na'urar Take

Na'urar tana da tebur na falalen dutse mai nauyi, wanda aka goge har ya yi sumul. A kansa akwai wata gada ta ƙarfe da ke tafiya gaba da baya. A jikin gadar akwai hannu da ke tafiya hagu da dama, yana kuma hawa da sauka. A ƙarshen hannun akwai wani ɗan tsinke mai ƙwallo a bakinsa, galibi na jan yaƙutu, saboda taurinsa. Duk lokacin da ƙwallon ya taɓa jikin ƙarfen da ake aunawa, na'urar sai ta rubuta lambobi uku: X, Y da Z. Waɗannan su ne lambobin matsayi da muke zanawa a takardar giraf, waɗanda ake danganta su da masanin Faransa René Descartes da littafinsa na 1637. Bambancin kawai shi ne an ƙara Z domin tsayi.

Daga waɗannan taɓe-taɓe kwamfuta ke fitar da siffa. Taɓawa uku sun isa a san da'ira, wato tsakiyarta da faɗinta, ko da yake akan taɓa wuri huɗu ko fiye domin a gane in ramin ya ɗan baje. Na'ura mai kyau tana iya bambance kuskuren 'yan maikiron kaɗan, maikiron ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita.

Kamfanin Ferranti na Sikotilan ne ya fito da irinta ta farko a shekarun 1950, aka kuma nuna ta a wani baje kolin injuna a Paris a 1959. A 1972 wani injiniya mai suna David McMurtry, yana aiki a kamfanin Rolls-Royce, ya ƙirƙiro tsinken da ke ba da sanarwa da kansa da zarar ya taɓa abu. Ya yi shi ne domin auna siraran bututun injin jirgin Concorde, waɗanda tsinke mai tauri ke lanƙwasawa. A 1973 shi da abokin aikinsa John Deer suka kafa kamfanin Renishaw a Ingila. Wannan ƙirƙira ce ta buɗe hanya na'urar ta riƙa awo ita kaɗai a ƙarƙashin kwamfuta.

Inda Gizo Ke Saƙa

Na'urar tana da sauri, amma ba ta da wayo. Ba ta san inda rami yake ba sai an gaya mata. Dole wani ma'aikaci ya shirya mata jerin umarni: je wuri kaza, sauka zurfi kaza, taɓa nan, ja da baya, ɗaga sama kada ka bugi maƙalin da ya riƙe ƙarfen, wuce rami na gaba. Kowace taɓawa tana bukatar lambobi uku na matsayi da wasu uku da ke nuna ta wace fuska ƙwallon zai tunkari ƙarfen. Ana bukatar fuskar ne domin na'urar tsakiyar ƙwallon take bi, sai ta san gefen da ya taɓa kafin ta cire rabin kaurinsa daga lissafi.

Bari mu ƙiyasta aikin. A ce faranti yana da ramuka 200, kowane rami za a taɓa shi sau huɗu. Taɓawa 800 ke nan, lambobi kuma 4,800. Ko da manhajar na'urar za ta fitar da taɓe-taɓen da kanta, sai an shigar mata da matsayi da faɗin kowane rami. In kowane rami ya ci minti biyu, aikin ya kai awa shida da minti arba'in. Idan ma'aikacin yana koya wa na'urar ne ta hanyar tuƙa ta da hannu, duk tsawon lokacin nan ba ta auna komai ba, kayan da aka ƙera suna jibge suna jira. Bugu da ƙari, mutumin da ya wuni yana buga lambobi dole idonsa ya gaji, ya buga 34 a maimakon 43.

Jadawalin Lissafi

Jadawalin lissafi shafi ne a kwamfuta da aka rarraba gida-gida, kamar rajistar aji ko takardar sakamakon jarrabawa. Layukan tsaye suna da haruffa, na kwance suna da lambobi, saboda haka kowane gida yana da suna, kamar B2 ko C7. A cikin gida ana iya rubuta lamba, ko kalma, ko ƙa'idar lissafi. In aka canja lamba ɗaya, duk gidajen da suka dogara gare ta sai su gyara kansu nan take. Na farko da ya shahara shi ne VisiCalc, wanda Dan Bricklin da Bob Frankston suka fitar a 1979 a Amurka. Lotus 1-2-3 ya biyo baya a 1983, Excel kuma a 1985. Domin 'yan kasuwa da akantoci aka yi su, amma injiniyoyi suka ga cewa aikin da ke maimaita kansa, ko na kuɗi ne ko na ramuka, duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

Misali: Faifai Mai Ramuka Shida

Mu ɗauki faifan ƙarfen da ke haɗa bakin famfo da bututu. Yana da ramukan noti shida, an jera su da tazara iri ɗaya a kan da'ira mai faɗin milimita 100. Rabin faɗin 50 ke nan. Da'ira tana da digiri 360, in an raba shida, tsakanin rami da rami digiri 60 ne. In muka ɗauki tsakiyar faifan a matsayin sifiri, ƙa'idar ita ce: X daidai yake da 50 sau cos na kusurwar, Y kuma 50 sau sin na kusurwar. Ga abin da zai fito:

Rami na 1, digiri 0: X = 50.000, Y = 0.000
Rami na 2, digiri 60: X = 25.000, Y = 43.301
Rami na 3, digiri 120: X = -25.000, Y = 43.301
Rami na 4, digiri 180: X = -50.000, Y = 0.000
Rami na 5, digiri 240: X = -25.000, Y = -43.301
Rami na 6, digiri 300: X = 25.000, Y = -43.301

A cikin jadawali, ma'aikacin zai ware gida ɗaya domin rabin faɗi, wani gida domin yawan ramuka. Zai rubuta ƙa'idar sau ɗaya tak a layin farko, sa'an nan ya ja ta ƙasa. Kwamfuta ta cika sauran. Ko ramukan shida ne ko ɗari shida, wahalarsa ɗaya ce.

Mataki na biyu shi ne mai da lambobin su zama umarni. Akwai harshen bai ɗaya da na'urori da dama ke ganewa, mai suna DMIS, wanda hukumar ƙa'idoji ta duniya ta amince da shi da lamba ISO 22093. A wannan harshe, bayanin rami na biyu zai yi kama da haka:

F(RAMI2)=FEAT/CIRCLE,INNER,CART,25.000,43.301,-3.000,0,0,1,10.000

Ma'anarsa ita ce: akwai da'ira ta ciki mai suna RAMI2, tsakiyarta tana X 25 da Y 43.301, za a auna ta milimita 3 ƙasa da fuskar faifan, bakinta yana duban sama, faɗinta milimita 10. In muka lura, a layukan ramuka shidan nan suna da lambobi biyu ne kaɗai ke canjawa. Jadawali yana iya manna kalma da lamba ta hanyar alamar &, saboda haka shi zai harhaɗa layukan duka. Sai a kwashe su a zuba cikin jerin umarnin na'urar. Wata hanyar kuma ita ce a adana jadawalin a matsayin fayil ɗin CSV, a shirya umarni guda da zai riƙa karanta layi ɗaya, ya auna ramin, ya koma ya karanta na gaba. Manyan manhajojin awo, irin su PC-DMIS na kamfanin Hexagon da Calypso na kamfanin Zeiss, suna da hanyoyin karɓar lambobi daga fayil.

Babbar ribar tana fitowa ne idan masana'anta na ƙera kaya 'yan gida ɗaya, wato siffa ɗaya amma girma daban-daban. Gobe in aka kawo faifai mai ramuka takwas a kan da'ira mai faɗin milimita 160, ma'aikacin zai canja 50 ta koma 80, shida ta koma takwas, ya ƙara layi biyu. Nan take rami na biyu zai koma digiri 45, X da Y kowanne 56.569. Aikin da zai ci wuni ya ƙare kafin shayi ya huce. A yau manhajoji da yawa suna iya ɗauko matsayin ramuka kai tsaye daga zanen da aka yi a kwamfuta. Duk da haka jadawali bai rasa aiki ba, musamman inda zanen na takarda ne, ko tsohon inji ake ƙera wa kayan gyara, ko kuma girman kayan yana canjawa daga oda zuwa oda.

Bayan Awo

Idan na'urar ta gama, sakamakon ma yakan koma jadawali. A ce an sami tsakiyar rami na biyu a X 25.030 da Y 43.341. Ya kauce da 0.03 ta gefe ɗaya, da 0.04 ta ɗaya gefen. Ƙa'idar Pythagoras ta nuna mana cewa nisansa daga inda ya kamata shi ne 0.05, irin alwatikar nan ta 3, 4, 5 da muka saba. A zanen injiniyoyi akan ninka wannan biyu, domin faɗin da'irar sassauci ake rubutawa, sai ya zama 0.10. In zane ya yarda da 0.20, ramin ya ci jarrabawa. In 0.08 ya ce, ya faɗi. Ana iya sa jadawali ya shafa wa gidan da ya faɗi jan launi. In aka jera sakamakon faifai hamsin, za a ga ko ramukan suna ƙara faɗi ko tsukewa sannu a hankali, alamar cewa bakin abin huda ya fara cinyewa. Sai a canja shi tun kafin a yi asarar ƙarfe. Rigakafi ya fi magani.

Tarkuna Huɗu

Jadawali bawa ne mai biyayya. Yadda yake maimaita daidai sau ɗari biyu, haka yake maimaita kuskure sau ɗari biyu, ba tare da ya ɗaga kai ba. Ga wuraren da aka fi yin tuntuɓe.

Na farko, mu mazauna bakin iyaka mun fi kowa saninsa. Yaron da ya yi makaranta a Segbana ko Malanville, a tsarin Faransanci, da waƙafi yake raba cikakkiyar lamba da ɓarinta, ya rubuta 43,301. Namu na Bagudo da ɗigo yake rabawa, ya rubuta 43.301. Duka biyun arba'in da uku da 'yan kai suke nufi. Amma in aka buga 43,301 a kwamfutar da aka saita a tsarin Ingilishi, za ta karanta dubu arba'in da uku da ɗari uku da ɗaya. Za a umarci na'urar ta je mita 43, alhali teburinta bai fi na cin abinci ba. Har ila yau, fayil ɗin CSV da waƙafi yake raba gida da gida a tsarin Ingilishi, shi ya sa kwamfutocin tsarin Faransanci ke amfani da waƙafi mai ɗigo a wurin. Duk wanda ya karɓi zane ko fayil daga ƙasar da ke amfani da Faransanci, wannan zai fara dubawa.

Na biyu shi ne inci da milimita. Nijeriya ta koma tsarin mita a shekarun 1970, amma har yanzu da inci muke kiran bututu da katako a kasuwa. Tun 1959 aka tsai da cewa inci ɗaya milimita 25.4 ne cif. Wajibi ne a rubuta ma'aunin da ake aiki da shi a saman jadawali, inda kowa zai gani.

Na uku, Excel ba da digiri yake lissafin cos da sin ba, da radiyan yake yi. In aka rubuta COS(60) kai tsaye, amsar za ta zama wajen -0.952 a maimakon 0.5, rami na biyu ya tashi daga 25 ya koma -47.6. Daidai shi ne COS(RADIANS(60)). Ɗalibin da ya haddace cewa cos 60 rabi ne, da kallo ɗaya zai kama wannan kuskure.

Na huɗu shi ne zafi. Ƙarfe yana miƙewa in ya ji zafi. Tun 1931 ƙasashe suka amince cewa duk girman da aka rubuta a zane, girman abin ne a zafin digiri 20 na ma'aunin Salshiyos. Sandar baƙin ƙarfe mai tsawon mita ɗaya tana ƙaruwa da wajen maikiron 11.5 a kowane digiri. A watan Afrilu zafin ƙasarmu yakan kai digiri 40. Ƙarin digiri 20 ke nan, wato milimita 0.23 a mita ɗaya, fiye da kaurin gashi uku. Alminiyam kuwa kusan ninki biyu yake miƙewa. Shi ya sa ake ajiye na'urar a ɗaki mai sanyaya iska, a kuma bar kayan su huce a ɗakin kafin a auna su.

Saboda waɗannan tarkuna, ƙwararren ma'aikaci ba ya sakin sabon umarni da gudu. Yakan lissafa rami ɗaya ko biyu da biro da takarda ya gwada da na jadawali. Yakan zana ɗigogin a giraf ya ga ko sun yi da'ira. Sa'an nan ya tafiyar da na'urar a hankali a karo na farko, yatsansa a kan maɓallin tsayarwa, domin alamar ɗebewa ɗaya da ta ɓace tana iya sa tsinke mai tsada ya soki ƙarfe ya karye. Bayan ya tabbatar, sai ya kulle gidajen ƙa'ida kada wani ya taɓa, ya rubuta lambar zanen da kwanan wata.

Kammalawa

Ɗalibai sukan tambayi malaman lissafi, ina amfanin cos da sin bayan an gama jarrabawar WAEC? Ga amsa guda a nan. Kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, masana'antar kayan tsaro ta DICON kuma tun 1964 aka kafa ta a can. A jiharmu akwai manyan injunan casar shinkafa a Birnin Kebbi da Argungu. Duk inji irin waɗannan kayan gyara yake ci, kuma ƙasar da take so ta ƙera nata dole ta sami 'ya'yan da suka iya awo. Kwalejin Fasaha ta Tarayya ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi da jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero suna koyar da aikin injiniya, kuma ba su da nisa da mu.

Ba sai mun jira na'urar ta zo ba kafin mu fara. Duk wanda ya sami kwamfuta, ko wayar hannu mai manhajar jadawali, yana iya gwada misalin faifan nan yau. Ya fitar da ramuka shida, ya mai da su takwas, ya mai da su goma sha biyu, ya zana su a takardar giraf ya ga ko sun zauna a kan da'ira. Wanda bai samu ba, teburin lissafi da biro sun ishe shi. Ga malamai 'yan'uwanmu, muna ba da shawarar a sa wannan cikin ayyukan ƙungiyar kimiyya a zango mai zuwa. Ga iyayenmu kuma, yaron da kuka ga yana son kwance rediyo ko zama wurin bakanike, ku ƙarfafa shi ya riƙe lissafi da hannu biyu, domin da shi ne zai san dalilin da ya sa fistin ɗaya ya zauna, wani kuma ya ƙi.